Kek ɗin da Aka Dama da Ludayi

Shekarar da aka rufe boda saboda shinkafar waje, ita ce shekarar da na fasa wa gidanmu ƙofa ta biyu. Har yau mutanen unguwa cewa suke yi a kan kwanon abinci na rabu da yayana. Ba na musu da su, kwanon abinci ne. Amma tunda Allah ya sa yanzu ina iya riƙe biro, bari in rubuta ko wane irin kwano ne.

Kafin a rufe, amalanke nake turawa. In ɗauki kaya daga kasuwar Illela in kai bakin iyaka, in dawo da wasu. Ba arziki ba ne, amma ba a taɓa kwana da yunwa a ɗakina ba. Da aka rufe, amalanken ya koma wurin kwanan kaji. Na yi ta zaman gindin bishiya har na gaji da hirar da ba ta kawo komai, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren unguwarmu. Da furfura a gemuna nake koyon baƙi da wasali.

Gidanmu na gado ne. Mahaifinmu ya rasu, Inna tana nan, idonta ya fara rauni. Yaya ne babba, dillalin albasa, shi ke da zaure da sashen gaba. Ni da matata da yaranmu muna baya. Kowa da murhunsa, amma yadda muka taras shi ne, abin da aka dafa a cikin gida na gida ne, kuma babba shi ke da cewa a kansa. Ban taɓa ja da wannan ba. A gidan ni ake kira mai haƙuri, kuma na daɗe ina ɗaukar sunan a matsayin yabo.

Wata rana ina dawowa daga aji na ga takarda manne a ƙofar wani gida da wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta kama haya. Da can wucewa zan yi. Ran nan na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi ya fara yi mini kallon ɓarawo. Ana neman mai dafa abinci. Na maimaita don in tabbata ba son raina ne ke karanta mini ba. Wannan ne abu na farko da karatuna ya taɓa kawo mini.

Shugabar wurin wata mata ce daga Kudu mai jin Hausa sarai. Ta ce ma'aikatanta gauraye ne, akwai 'yan Kudu, akwai 'yan Nijar, akwai Turawa, kuma duk sun gaji da burodi da kifin gwangwani. Za su daɗe a garin. Duk matar da ke so ta kawo ɗanɗano ranar Alhamis da azahar, abinci ɗaya da abin zaƙi ɗaya. Wadda nata ya fi, ita za a ɗauka, albashi duk wata.

Matata a tsallaken iyaka ta tashi, hannun gwaggonta, wadda ta yi shekaru tana yi wa wata Baturiya ma'aikaciyar asibiti girki. Baturiyar daga wani yanki na Amurka ta fito, ƙasar fadama, inda ake cin yaji kamar mu. A can matata ta koyi abubuwa biyu da ban taɓa gani a wani gida ba. Ɗaya shinkafa ce da ake yi da hanta da ƙundun kaza, wadda in ta nuna sai ta yi duhu kamar an zubar da ita ƙasa an kwashe. Ɗayan kek ne da ake yi da nono, ba da fulawa ba. Sau ɗaya ta taɓa yi mini su, farkon aurenmu. Da na gaya mata maganar takardar, sai ta tashi ta ciro wani farantin silba mai zurfi daga ƙarƙashin gado ta fara goge shi.

Don girmamawa na je na gaya wa Yaya. Yana zaune a zaure yana yanke farce. Bai ɗago ba ya ce, "Matar gidanga za ta zama kuku?" Na ce aiki ne na halal, da rana za ta je da rana ta dawo, kuma ya ga halin da ake ciki. Ya ce to, in yi abin da na gani. Na faɗa masa ranar, na faɗa masa lokacin. Ina so a riƙe wannan. Na faɗa masa.

Ranar Laraba na hau keken aro na nufi wajen Kalmalo, rugar wata Bafillatana da muka saba. Na ce kindirmo nake so ƙwarya guda, wanda bai ga ruwan tafki ba. Ta ce Kaɗo ne zai koya mata nono? Ta tambaye ni ko wanka zan yi da shi. Na ce in ya yi kyau har ita zan yi wa. Muka yi dariya, ta ƙara mini curin man shanu. A hanya na sayi ɗinya wurin wasu mata, baƙa wuluk, nunanniya. Lokacinta ne, an gama girbin gero.

Da yamma matata ta juye nonon cikin farin ƙyalle, ta ɗaure, ta rataye a reshen dalbejiyar da ke sashenmu, ta ajiye roba a ƙarƙashi. Ruwan ya kwana yana ɗiga. Da safe abin da ya rage a ƙyallen ya yi tauri kamar tuwon da ya huce, kuma bai kai rabin abin da na ɗauko ba. Na ce wannan ai asara ce. Ta ce in yi shiru in daka biskit.

Na daka. Ni da ban taɓa riƙe taɓarya ba tun ina yaro. Ta kwaɓa garin biskit ɗin da man shanu, ta danna shi a gindin farantin da bayan cokali. Ta fasa ƙwai cikin nonon, ƙwan kajinmu da ta yi kwanaki tana hana yara, ta zuba sukari, ta matsa lemon tsami, ta yi ta bugawa har hannunta ya gaji na karɓa. Ba mu da abin gashi. Yashi ta zuba a gindin babbar tukunya, ta ɗora farantin a kai, ta rufe, ta jera garwashi a kan murfin. Ba ta yarda wuta ta yi ƙarfi ba. In garwashi ya yi ja sosai sai ta janye shi da tsinke. Ta ce in wuta ta yi yawa fuskarsa tsagewa take yi. Da ta buɗe, gefensa ya kama, tsakiyarsa tana ɗan rawa. Ta ce haka ake so, sauran aikin na sanyi ne.

Ɗinyar kuma ta dafa ta da sukari, ta murje, ta tsame ƙwallayen, ta bar ta kan wuta har ta yi kauri kamar maɗi. Da kek ɗin ya huce ta shimfiɗa masa ita a kai. Fari a ƙasa, baƙi mai sheƙi a sama. Na tsaya ina kallo kamar ba a gidana aka yi shi ba.

Ba mu da firij. Wuri mafi sanyi a gidan shi ne ɗakin Inna, tsohon soron ƙasa, inda randa ke zaune kan jiƙaƙƙen yashi. Can muka kai shi, muka rufe da faifai. Inna ta shinshina ta ce, "Mi na na wanga mai ƙamshi?" Matata ta yi mata bayani. Inna ta ce mu tafi abinmu, ita za ta tsare shi daga kyanwa.

Daga nan na yanka kajin. Su biyu suka rage mana, ɗaya ma tana kan yin ƙwai. Matata ta dafa naman don romo. Hanta da ƙundu ta yanka su ƙanana ƙanana, har sai da suka koma kamar an niƙa. Ta soya su har suka kama gindin tukunya suka yi duhu, ni ina cewa ya ƙone, ita tana cewa daɗin ke nan. Ta zuba albasa da koren tattasai da attarugu da tafarnuwa da masoro, ta ɗan tsiyaya romo ta kankare abin da ya kama. Shinkafar ta gida ce, don ta waje ta ɓace a kasuwa. Tun jiya ta rege ta, ta bi ta da hannu tana tsince tsakuwa, ta ce haƙorin baƙo ɗaya ya ci karo da dutse an gama. Ta dafa ta cikin romon, ta juye kan soyayyen, ta yayyage naman a ciki, ta watsa lawashi. Ƙamshin ya haura katanga. Wata maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko suna ake yi ba a gaya mata ba. Yaranmu kuwa cokali ɗaya ɗaya aka ba su, aka kore su gidan kawunsu da alkawarin in an samu aikin za su ci har su bari.

Rana ta kusa tsakiya, na fita neman keke mai ƙafa uku, don ba a ɗaukar irin wannan kek a kan mashin. A lokacin an hana kawo mai gidajen man da ke kusa da iyaka, abin hawa ya yi wuya. Na je bakin kasuwa babu, na je tasha babu. Wanda na samu daga baya sai da na taya shi tura keken zuwa wurin mai sayar da mai a kwalba. Na daɗe. Wannan daɗewar ita ce kaɗai abin da nake tuhumar kaina da shi.

Da na iso na ga takalma a ƙofar zaure. Na yi sallama na shiga. Baƙi ne daga Amarawa, manoman albasa da Yaya ya daɗe yana zawarcin amfanin gonarsu. Matarsa ta tafi suna a garin Darna tun safe, murhunsa a kashe. A tsakiyar tabarma ga tukunyarmu, ita kanta tukunyar, ba a ko juye a kwano ba. Sun kai gindi. Gefe kuma ga wata ƙwarya, a cikinta wani abu mai ruwa ruwa, launinsa kamar toka da aka zuba wa zoɓo, gudaji na yawo a sama. Ludayi biyu a ciki. Farantin silba yana jingine da bango, an kankare shi tas.

Sai da na ɗan tsaya kafin na gane. Yaya ya buɗe faifai, ya ji warin nono, kuma a saninsa duk abin da aka yi da nono damawa ake yi. Ya kankare kek ɗin cikin ƙwarya, ya zuba ruwan randa, ya dama.

Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai fara'a, ya matsa ya ce in zo bisimilla. Ya ce shinkafar ta ɗan ƙone amma ba laifi, mai girkin ta san yaji. Furar ce dai, in ji shi, zaƙi ya yi mata yawa kuma ba ta damu ba. Yaya ya yi dariya ya ce furar zamani ce. Ya dube ni ido cikin ido ya ce in zauna mana.

Ba a faɗa gaban baƙo. Haka aka koya mana. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gida, na tambayi gona, na ce alhamdulillahi na ƙoshi. Har yau in na tuna na tambayi mutanen nan lafiyar albasarsu, sai in ji kamar in mari kaina.

Na shiga ciki. Matata tana zaune bakin gado da kayan fitarta, ta yi wanka, ta sa lulluɓinta mai kyau. Ba kuka take yi ba. Da ma ta yi kukan.

"Na ce mai na aike na," in ji ta. "Daga bayan labule na hwaɗi, na sake hwaɗi. Ya ce baƙo ya hi aike."

Na ce me ya sa ba ta fito ta riƙe tukunyar ba. Ta ɗago ta dube ni.

"In riƙe tukunya da wan mijina? Kai da kanka mi za ka ce?"

Wan miji suruki ne. Shekara da shekaru ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, in ya shigo sai ta rusuna ta kauce. Ni ma ina cikin masu yaba mata wannan kunyar. Yaya ya san ba za ta fito ba. Inna kuma da ya shiga ɗakinta neman abin sha, ta ce masa na yaran nan ne, za su kai wani wuri. Ya ce ya sani. Ba ta hana shi ba, don ɗan fari ne, ita ma kunyarsa take ji.

Mai keke yana waje yana danna oda. Na hau ni kaɗai, hannu wofi. Shugabar ta fito ta saurare ni a tsaye. Ban ce yayana ba ne, na ce tsautsayi ya faɗa wa abincin, a ba mu zuwa jibi. Ban san da me zan sake yi ba, kaji sun ƙare, amma na roƙa. Ta ce ta ji tausayi, sai dai wasu mata sun kawo nasu a kan lokaci, ma'aikata sun ci, sun zaɓa, kuma gobe za a fara aiki. Ba ta yi mini wulaƙanci ba. Har ruwa ta sa aka kawo mini. Ban ga laifinta ba a ranar, ban gani ba yanzu.

Ban je aji ba ran nan. Bayan la'asar baƙi suka tafi, na sami Yaya a zaure yana sakace, ransa fari ƙal, da alama cinikin ya faɗa. Na zauna. Na yi niyyar in yi magana a hankali. Na tambaye shi ko ya san abincin nan na mene ne.

"Na sani."

Na ce to don me.

"Abinci na hwa. Don ci anka yi shi. Gidan ubanmu ba a taɓa ɓoye ma baƙo tukunya ba, ba kuwa a kaina za a hwara ba."

Na ce ga masu tuwo bakin titi, ga mai tsire, ga mai fura a ƙofar masallaci, da ya aika da an kawo kafin baƙin su gama gaisuwa. Ya ce shi ba ya ciyar da baƙonsa abincin kasuwa alhali ana girki a gidansa. Sannan ya tofar da tsinken ya ce, "Kuma in ka duba, rufin asiri na. Matarka ba ta zama boyin kowa."

A nan ne muryata ta tashi. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce masa rufin asirin da ya sani shi ne yarana su kwana da ruwan zafi shi yana sakace. Na ce tun da aka rufe boda bai taɓa leƙowa sashena ya tambayi ko an ɗora tukunya ba, sai yau da ya ji ƙamshi. Na ce da ya hana tun ranar da na zo masa, da na san da wa nake yi, amma ya bari mace ta kwana tana tsince tsakuwa, ya bari na yanka kazar da ke ba yarana ƙwai, sannan ya shiga ya ɗauka don ya san ba mai iya buɗe baki. Na ce wannan ba karamci ba ne, ƙarfi ne. Ya miƙe ya ce shi nake gaya wa haka? Na ce shi.

Mutane suka taru a ƙofa. Inna ta fito tana lalube da sanda. Kowa abu ɗaya yake ce mini, in yi haƙuri. Liman ya ce in yi haƙuri. Maƙwabta suka ce in yi haƙuri, babban wa uba ne. Inna ta kama rigata ta ce ai ni ne mai haƙurin. Na dubi taron nan kaf, ban ji mutum ɗaya ya juya ya ce wa Yaya bai kyauta ba. Ko ɗaya. Wani ma dariya yake ƙunshewa, don labarin damun ya riga ya fita. Kwana biyu ana tsokanata a bakin titi, wai a kawo ludayi ga mai furar zamani.

Na jira ya ce wani abu. Ba biya nake so ba. Da ya tsaya a bakin labule ya ce wa matata ta yi haƙuri, kalma ɗaya, da ta wuce. Mako ya zagayo bai ce ba. Abin da ya yi shi ne ya aiko matarsa da kwandon albasa, wai a ba mai girki, baƙi sun yaba. Na mayar da kwandon da hannuna na ajiye masa a zaure.

Washegari na ari diga na fasa katangar baya, wadda ke kallon lungu. Na sa ƙyauren langalanga. Hanyar da ke tsakanin sashena da nasa na toshe ta da tubali, na bar 'yar kafa ta wajen ɗakin Inna don a riƙa kai mata abinci. Ta yi kuka. Ta ce ubanmu ƙofa ɗaya ya bari. Na ce haka ne, Inna. Ban daina aikin ba.

An buɗe boda daga baya, na koma turin amalanke, na ci gaba da zuwa aji. Matar da aka ɗauka ta yi aiki da ƙungiyar har suka tashi, kuma na ji ta iya girki, Allah ya ƙara mata. Ni da Yaya muna haɗuwa a masallaci, muna haɗuwa a jana'iza. Har yau yana gaya wa mutane bai san abin da ya yi mini ba.

Abin da ya tafi a ranar, kaji biyu, tiyar shinkafa, ƙwaryar kindirmo, curin man shanu, ƙwai na kwanaki, ɗinya kwano guda. Aikin da za a riƙa biyan matata duk wata. Girkin nan guda biyu, don ba ta sake yin ko ɗaya ba, farantin ma ta ba ƙanwarta. Zaman zaure da yamma. Da kuma wa guda ɗaya, shi kaɗai gare ni.